Riba ko amincewar mai saye: Me ya sa Xiaomi ya ƙayyade wa kansa ribar kashi 5 cikin 100?

A ranar 25 ga watan Afrilun 2018, shugaban kamfanin ƙera wayoyi na Xiaomi, Lei Jun, ya tsaya gaban wani taro a Jami'ar Wuhan da ke ƙasar Sin, inda ya yi karatu, ya ɗauki wani alkawari da ba kasafai ake jin irinsa daga bakin ɗan kasuwa ba.

Ya ce daga wannan shekarar, ribar da kamfaninsa zai ci a kan wayoyi da sauran na'urorin da yake ƙerawa ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, bayan an fitar da haraji da duk abin da aka kashe. Idan kuwa ta wuce, za a nemi hanyar mayar wa masu saye rarar.

Lokacin da ya zaɓa ya ƙara wa maganar nauyi. Kwanaki kaɗan suka rage kamfanin ya miƙa takardun neman shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong, wato daidai lokacin da kowane kamfani ke ƙoƙarin nuna wa masu zuba jari cewa akwai riba mai tsoka a gaba.

To me zai sa kamfani ya ɗaure wa kansa hannu haka? A ina yake mayar da kuɗinsa? Kuma shin da gaske arha tana sayo amincewar mai saye? Tarihin Xiaomi, da na wasu kamfanonin da suka bi wannan hanya, ya ba da amsoshi da suka shafi duk wanda ke riƙe da waya, da kuma duk wanda ke sayar da ita.

Yadda aka fara da yuan 1,999

An kafa Xiaomi a birnin Beijing a watan Afrilun 2010. Abin da ya fara fitarwa manhaja ce mai suna MIUI, wadda aka gina a kan tsarin Android. Mutum 100 ne suka fara gwada ta. Kamfanin ya buɗe musu dandali a intanet inda suke kai koke da shawarwari, injiniyoyinsa kuma suna sabunta manhajar kowane mako bisa abin da suka ji. Kafin waya ta fito, kamfanin ya riga ya tara magoya baya masu jin cewa da su aka yi aikin.

A watan Agustan 2011 aka ƙaddamar da wayarsa ta farko, Mi 1, a kan yuan 1,999, kimanin dala 310 a lokacin. Kayan da ke cikinta na manyan wayoyi ne, alhali iPhone tana kaiwa kusan yuan 5,000 a kasuwar Sin. Cikin sa'o'i 34 da buɗe rajistar saye, an nemi guda 300,000. A 2013 kuma aka fito da Redmi a kan yuan 799, domin masu ƙaramin ƙarfi.

Hanyoyi uku ne suka ba kamfanin damar karya farashi haka.

Na farko, ya riƙa sayarwa kai tsaye ta intanet, ba shago ba dillali, don haka babu kuɗin haya kuma babu ladan ɗan tsakiya.

Na biyu, bai kashe kuɗi sosai kan talla ba. Magoya bayansa ne suka yi masa wannan aikin da bakinsu.

Na uku, yakan bar samfuri guda a kasuwa har tsawon wata 18 ko fiye. Farashin kayan haɗa waya, irin su gilashin fuska da ma'ajiyar bayanai, a bisa al'ada yana sauka ne da tafiyar lokaci. Don haka wayar da aka fara sayarwa kusan a kan uwar kuɗinta, bayan wasu watanni sai ta fara kawo riba ba tare da an taɓa farashinta ba.

Zuwa 2014, shekara uku kacal da fitowar Mi 1, Xiaomi ya hau sahun gaba a cinikin wayoyi a ƙasar Sin.

To ina ribar take?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ko tumatir a kasuwa ya san gyara. Mai sayarwa yakan ƙara ɗan abu a kan mudu, yana sane da cewa abin da ya bayar yau zai dawo masa gobe idan mai saye ya sake nemo rumfarsa. Lissafin Xiaomi bai yi nisa da wannan ba, sai dai gyaran da yake bayarwa shi ne ribar wayar kanta.

A wajen kamfanin, ranar da aka sayi waya ranar ce ciniki ya fara. Mai wayar zai riƙa duba ta sau da yawa a kullum har tsawon shekara biyu ko uku. A wannan tsakanin zai ga tallace-tallace a cikin manhajojin kamfanin, zai sauke wasanni, wataƙila ya biya kuɗin kallo ko na ajiyar hotuna. Kamfanin yana da kaso a duk waɗannan.

Alƙaluman da Xiaomi ya fitar sun nuna yadda abin yake. A 2018 ya yi cinikin yuan biliyan 174.9. Abin da ya samu daga harkokin intanet yuan biliyan 16 ne kawai, wato kusan kashi 9 cikin 100. Amma a cikin kowace yuan 100 da ta shigo ta wannan ƙofa, fiye da yuan 60 riba ce kafin a fitar da albashi da sauran kuɗin gudanarwa. A ɓangaren wayoyi kuwa, irin wannan riba ba ta wuce yuan 6 da ɗoriya ba. Kamfanin ya ce a wannan shekarar, tsantsar ribarsa a kan na'urori ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 ba.

Akwai ƙofa ta biyu. Wanda ya ji daɗin wayar yakan koma ya sayi abin cajin tafi-da-gidanka, da agogon hannu, da talabijin, har da tukunyar dafa shinkafa, duk masu ɗauke da sunan kamfanin, kuma da yawansu ana sarrafa su daga wayar. Idan kayan gida suka taru a hannun kamfani guda, sauya sheƙa zuwa wani kamfanin yakan zama aiki.

Ba Xiaomi ne ya fara ba

Masu ƙera na'urorin wasan bidiyo sun daɗe a kan wannan hanya. Lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 3 a 2006, ya sa wa babban samfurin dala 599. Kamfanin bincike na iSuppli, wanda ya warware na'urar ya lissafa kayan cikinta, ya ƙiyasta cewa haɗa ta yana cin kimanin dala 840. Sony ya yarda da wannan faɗuwa ne domin yana karɓar kaso a kan kowane wasa da aka saya.

A 2021, yayin shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Epic Games da Apple a Amurka, wata babbar jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa kamfaninta bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba. Daga wasanni da kuɗin rajista ake mayar da kuɗin.

Kamfanin Amazon ma haka. A 2011 ya fitar da kwamfutar hannu ta Kindle Fire a kan dala 199, lokacin da iPad mafi arha take dala 499. Shekara guda bayan haka, mai kamfanin, Jeff Bezos, ya fito fili ya ce a kan uwar kuɗi suke sayar da na'urorin, kuma burinsu shi ne su samu kuɗi lokacin da mutane ke amfani da su wajen sayen littattafai da finafinai da sauran kaya.

Wanda ya taɓa sayen injin buga takardu na gida da arha, daga baya ya ji farashin tawadarsa, shi ma ya ɗanɗana wannan tsari.

Lokacin da dabarar ta ƙi ci

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kamfanin da zai haƙura da ribar yau dole ya kasance yana da abin da zai riƙe shi har ribar gobe ta iso, kuma dole goben ta iso ɗin.

Kamfanin LeEco na Sin ya wuce Xiaomi wajen karya farashi. Ya riƙa tallata cewa yana sayar da wayoyi da talabijin ƙasa da kuɗin haɗa su, da zummar mayarwa daga kuɗin rajistar kallon finafinai da wasanni. Ya kuma bazu zuwa harkoki da dama a lokaci guda, har da ƙera motoci masu amfani da lantarki. A watan Nuwamban 2016, mai kamfanin, Jia Yueting, ya amsa a wata wasiƙa ga ma'aikatansa cewa sun yi gaggawa kuma kuɗi sun yanke musu. A 2017 ya koma Amurka, ya bar ɗimbin bashi a baya.

Amazon ma, duk da ƙarfinsa, ya sha kashi a wani ɓangaren. Ya sayar da miliyoyin sifikun Echo masu amsa umarnin murya a farashi mai rahusa, da fatan mutane za su riƙa yin sayayya ta bakinsu. Sai ya zamana akasarin mutane suna amfani da su ne wajen jin kiɗa, da tambayar yanayi, da saita ƙararrawar tashi daga barci. A 2024 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa sashen na'urori na kamfanin ya yi asarar fiye da dala biliyan 25 tsakanin 2017 da 2021. Mutane sun karɓi gyaran, amma ba su dawo rumfar da kuɗi ba.

Shi kansa Xiaomi ya ga tasku. A 2016, a cewar kamfanin bincike na IDC, wayoyin da ya sayar a Sin sun ragu da kashi 36 cikin 100, ya faɗo zuwa na biyar. Waɗanda suka sha gabansa, musamman Oppo da Vivo, ba su fi shi arha ba. Abin da suka fi shi da shi shi ne shaguna a ƙananan garuruwa, inda mai saye zai taɓa waya da hannunsa, kuma ya san inda zai mayar da ita idan ta sami matsala. A intanet kuma, wasu kamfanoni sun kwaikwayi salonsa, suka fito da nasu wayoyin masu rahusa.

Abin da wannan shekara ta nuna shi ne, wanda arha ce kaɗai ta kawo shi, arhar wani za ta iya ɗauke shi. Xiaomi ya farfaɗo ne bayan Lei Jun ya karɓi ragamar samar da kaya da kansa, kamfanin kuma ya shiga buɗe ɗaruruwan shagunan Mi Home, ya kuma faɗaɗa kasuwarsa a Indiya. A 2017 ya sayar da wayoyi fiye da miliyan 91.

Rage farashi ma kan iya ɓata ran waɗanda suka fi ƙaunar kamfani. A watan Satumban 2007, Apple ya zaftare dala 200 daga farashin iPhone ta farko, wata biyu kacal da fitowarta. Waɗanda suka bi dogon layi suka saya a kan dala 599 suka fusata. Washegari Steve Jobs ya rubuta musu wasiƙar ban-haƙuri, ya ba kowannensu damar sayen kayan dala 100 a shagunan kamfanin. Mai saye yana auna farashi, yana kuma auna ko an yi masa adalci.

Sadaukarwa ce ko talla?

Tun a 2018 akwai masu sharhi da suka ce alkawarin kashi 5 bai ci Xiaomi komai ba. Hujjarsu ita ce, kaɗan ne daga cikin masu ƙera wayoyin Android ke kaiwa wannan matsayi ko da sun so. Kusan duk ribar wannan kasuwa tana tafiya ne wuri guda: kamfanin bincike na Counterpoint ya ƙiyasta cewa a 2022 Apple ya kwashe kusan kashi 85 cikin 100 na ribar wayoyin komai-da-ruwanka a duniya, alhali bai sayar da ko kashi 20 na yawansu ba. A ganin waɗannan masu sharhi, Xiaomi ya yi alkawarin barin abin da tun asali bai shiga hannunsa ba.

Masu zuba jari kuma sun kalli abin ta wata fuska. An yi ta hasashen darajar kamfanin za ta kai dala biliyan 100, amma da ya shiga kasuwar Hong Kong a watan Yulin 2018, a kan kimanin dala biliyan 54 aka tsaya. Da yawa ba su gamsu da cewa kamfanin intanet ne ba, kamar yadda yake kiran kansa. Mai ƙera waya suka ɗauke shi, mai ƙaramar riba.

Masu wayoyin ma sun fara biyan nasu kason. Tallace-tallacen da ke faɗowa a cikin manhajojin wayar sun zama abin da aka fi kuka da shi, musamman a Indiya, har kamfanin ya yi alkawarin rage su. A nan ne tsarin yake da sarƙaƙiya: hanyar da kamfani ke bi ya mayar da kuɗinsa ita ce kuma ke iya korar wanda ya jawo da arha.

Farashin ma bai tsaya a inda aka fara ba. A farkon 2019 aka ware Redmi ya zama suna mai zaman kansa na wayoyi masu rahusa, domin sunan Xiaomi ya sami damar hawa sama. An sayar da Mi 9 a kan yuan 2,999 a wannan shekarar, Mi 10 kuma a kan yuan 3,999 a 2020. Zuwa 2023, ribar farko a kan wayoyin kamfanin ta haura kashi 14 cikin 100, fiye da ninki biyu na 2018. Wannan bai saɓa wa alkawarin ba, domin alkawarin ya shafi abin da ya rage ne bayan an fitar da albashi da kuɗin bincike da talla da haraji. Amma ya nuna inda aka dosa tun farko: a tara jama'a da arha, idan sun yarda da sunan, a sayar musu da mai tsada.

Duk da haka kamfanin bai manta da waɗanda suka fara yarda da shi ba. A watan Agustan 2021, shekara 10 da fitowar Mi 1, Lei Jun ya sanar da cewa mutum 184,600 da suka fara sayen wayar, kowannensu zai sami takardar sayayya ta yuan 1,999, daidai abin da ya biya. Jimilla kusan yuan miliyan 370. Ko da an kira shi talla, talla ce da aka biya kuɗinta ga tsofaffin abokan ciniki.

Abin da kasuwar Afirka ta nuna

A Afirka, wani kamfanin Sin ne daban ke riƙe da kambu. Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, shi ke sayar da fiye da kashi 40 cikin 100 na wayoyin komai-da-ruwanka a nahiyar. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ko shagunan da ke kewayen Circle a Accra, zai ga shaida.

Arha tana cikin dalilan nasararsa, amma an sha kawo wayoyin da suka fi nasa arha, suka zo suka wuce. Transsion ya haɗa sassaucin farashi da abubuwan da mai saye ke buƙata a zahiri: gurbin layi biyu ko fiye, domin mutane suna sauya layi gwargwadon inda sabis ya fi ƙarfi, batir mai riƙe caji, saboda ƙarancin wutar lantarki, da kyamarar da aka daidaita ta domin baƙar fata. Ya kuma kafa cibiyoyin gyara na Carlcare tun daga 2009, kuma kayan gyaran wayoyinsa suna samuwa a hannun masu gyara na unguwa.

Darasin ya yi daidai da wanda Xiaomi ya koya a 2016. Farashi ne ke kawo mutum karo na farko. Dawowarsa karo na biyu kuwa ta danganta ne da abin da ya gani bayan ya kai kayan gida, da kuma yadda aka karɓe shi ranar da ya dawo da koke.

Abin lura ga mai saye da mai sayarwa

Ga mai saye, tambayar da ta fi amfani idan ya ga na'ura mai arha fiye da kima ita ce: a ina kamfanin zai mayar da kuɗinsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani lokaci amsar tallace-tallace ce, waɗanda ke cin data da batir. Wani lokaci kuɗin rajista ne na wata-wata, ko tawada, ko wasannin da ba sa aiki a kan na'urar wani kamfani. Wani lokaci kuma bayanan mai wayar ne, wato abin da yake nema da abin da yake kallo, waɗanda da su ake zaɓar tallan da za a nuna masa.

Wannan ba ya nufin cinikin ya ɓaci. Miliyoyin mutane sun mallaki wayarsu ta farko ne ta wannan hanya. Abin da ya kamata shi ne a lissafa kuɗin gaba ɗaya, a kuma bincika shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajar wayar, da ko akwai wurin gyara da kayan gyara a kusa.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, kwaikwayon manyan kamfanoni ido rufe yana da haɗari. Mai shago ba shi da manhajar da za ta riƙa kawo masa kuɗin talla, kuma ba shi da masu zuba jarin da za su ɗauke masa faɗuwar shekara biyar. Abin da yake da shi shi ne dawowar mai saye: caja da murfi da gyara, da waya ta gaba, da 'yan uwan da za a turo masa. Rangwamen da zai iya yi bai kamata ya wuce abin da wannan dawowa za ta iya biya ba. Kuma sau da yawa, karɓar wayar da ta ba da matsala ba tare da jayayya ba, ko faɗa wa mai saye gaskiya cewa wayar ta hannu ce, ya fi rage 'yan kuɗi tasiri wajen riƙe shi.

Shi dai Lei Jun bai sauka daga kan wannan lissafi ba. A watan Maris na 2024, Xiaomi ya fitar da motarsa ta farko mai amfani da lantarki, SU7, a kan yuan 215,900, wato ƙasa da farashin Tesla Model 3 a Sin da yuan 30,000. A wajen ƙaddamarwar ya shaida wa mahalarta cewa a kan faɗuwa za a fara sayar da ita.